Burtalin Iska, Wa Zai Gyara Namu?

'Yan'uwana malaman gobe, ina so in jawo hankalinku ga wani littafi wanda ba a sayar da shi a kanti, amma yana da hannu cikin aikinmu. Sunansa wireless-regdb, kowa kuwa yana iya karanta shi kyauta a intanet. A cikinsa aka jera ƙasashe, kowace da haruffa biyu, tamu NG. A ƙarƙashin kowace an rubuta zangon iskar da dokarta ta yarda na'urar Wi-Fi ta bi, da iyakar ƙarfinta.

Mutumin Mubi ya san burtali. In shanu suka bar shi suka faɗa gona, sai rigima. To, haka iska take. Wani sashe na zangon gigahaz 5 na'urorin hango jiragen sama da hadari suna aiki a cikinsa, tilas Wi-Fi ta saurara, in ta ji su ta kauce. Dokokin kuwa sun bambanta. A zangon gigahaz 2.4 Amurka tana aiki da hanyoyi 11, Turai 13. Kamaru da ke maƙwabtaka da mu ma dokarta dabam.

Kwamfutoci masu Linux da akwatunan rarraba Wi-Fi masu OpenWrt daga wannan littafi suke sanin iyakarsu. In ba su san ƙasar da suke ba, sai su bi doka mafi ƙunci. In kuwa layin ƙasa ya tsufa, makaranta ta sayi kaya da tsada, amma ba ta more su duka ba. A 2024 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, wadda aka kafa a 1992, ta ba da sanarwar buɗe zangon gigahaz 6 domin Wi-Fi. Amma na'ura ba ta karanta jarida. Sai wani ya kai labari ga masu tsaron littafin.

Waɗansu za su ce wannan aikin gwamnati ne. Ni a ganina namu ne duka, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu tsaron littafin ba su karɓar gyara da ka, sai an nuna musu takardar hukuma. Saboda haka ina roƙon NCC ta riƙa buga dokokinta a fili, cikin jadawali mai sauƙin ganewa. Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi kuwa su riƙa gwada layin NG da waɗannan takardu kowace shekara, in sun ga bambanci su aika da gyara.

Mu kuma, in aka ba mu riƙon ɗakin kwamfuta, kada mu sa wa na'ura sunan wata ƙasa don neman ƙarin ƙarfi. Wannan kiwo ne a gonar wani. Malami lalle shi ne na farkon bin burtali. Allah ya sa mu dace.