Ra'ayinmu: A Bar Yaro Ya Yi Wasa

Jama'a, a shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Nijeriya ta ce a koyar da 'yan nazare ta hanyar wasa, da harshen uwa. To, ina aka kwana? Sai ka ga ɗan shekara 3 ana tilasta masa haddar baƙaƙen Turanci, har da jarrabawa, wai shirin firamare. Alhali a ƙasar Finlan sai yaro ya shekara 7 yake shiga aji ɗaya, bai kuwa rasa ilimi ba. Mai carafke ƙirga take koyo. Mai sauraron tatsuniya harshe yake koyo. Lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Gobe ku ne iyaye da malamai, sai ku kula.