Battar Turare Ta Yen 90,000

A watan Maris na 1912 wani attajirin birnin Osaka, Fujita Denzaburo, yana kwance rai ga Allah, amma hankalinsa yana wurin wani gwanjo. Abin da ya aika a sayo masa kuwa wata 'yar batta ce ta ƙasar Sin mai siffar kunkuru, wadda tafin hannu zai ɗauke ta. Aka sallama masa a kan Yen 90,000, kuɗin da a zamanin nan sai a gina gidaje da su. Bayan 'yan kwanaki ya cika. Battar tana nan a gidan tarihi na Fujita.

Mai karatu zai ce, batta fa? To, shan shayi a Japan ba irin namu na bakin titi ba ne, al'ada ce mai ƙa'idodi. Kafin a tafasa ruwa mai gida zai jera gawayi a gaban baƙinsa, ya buɗe battar da suke kira kogo, ya sa turare a murhu. Daga nan babban baƙo zai roƙi a ba shi ya gani, ta yi ta zagawa hannu zuwa hannu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ta tangaran ake fitarwa, domin turaren hunturu kwaɓaɓɓe ne da zuma, danshinsa yana ɓata ta katako.

Yawancin waɗanda aka fi ji da su an ƙera su ne a Sin a ƙarshen daular Ming, cikin ƙarni na 17. Wasu 'yan kwanonin ajiyar tarkace ne kawai, masu shayi suka gani suka ɗaukaka su. Wasu kuwa saƙo aka yi takanas zuwa Jingdezhen, birnin tangaran. A 1855 aka buga jerin fiye da iri 200, aka yi musu matsayi kamar na 'yan kokawar sumo, gabas da yamma. Kunkurun nan shi ne gwarzon gabas. Na yamma wata fara ce mai shuɗin zane, da aka raɗa wa sunan ɗakin bauta na mararraba. Ni dai ina ganin dillalai sun fi kowa cin moriyar wannan takarda, gama da ita aka riƙa yanka farashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suna. Japanawa suna kiran dangin kunkurun Kochi, watau wani yanki na Biyetnam, don sun ɗauka daga can suke. Sai a shekarun 1990 masu tonon tarihi suka tarar da tsingaron irinsu a kufan wata matoya a gundumar Pinghe ta lardin Fujian. Sunayen attajiran da suka mallaki kunkurun suna nan a rubuce. Na magininsa kuwa ba wanda ya rubuta.