ALLON LISSAFI: A FITO DA SHI DAGA OFIS A KAI SHI GIDA

Daga Wani Jami'in Ilmi, Sakkwato

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin masu albashi a ƙasar nan, akawu da malamin makaranta duka, watau cutar ashirin ga wata. Ranar da aka yi biya mutum ya fi kowa fara'a, amma kafin wata ya yi kwana ashirin sai ka gan shi yana raɓe-raɓe, yana sauya hanya don kada ya haɗu da mai kanti. In ka tambaye shi inda kuɗin suka shiga, iyaka ya ce albashi ba ya isa. Wannan gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma in ka ce ya faɗi nawa ya kashe wajen cefane, nawa wajen ruwa, nawa wajen abin hawa, sai ya yi shiru. Ga shi kuwa mutumin nan shi ne ke wuni a ofis yana tsare lissafin Hukuma, kwabo ba ya ɓace masa. Nufina a nan in jawo hankalin 'yan'uwa ga wani kayan aiki da ke cikin kwamfuta da wayar hannu, wanda da yawanmu muka ɗauka na ofis ne kaɗai, alhali kuwa gida da makaranta sun fi bukatarsa.

MENE NE SHI?

Ni ina kiransa allon lissafi. Shafi ne da aka zazzana shi gida-gida, kamar yadda malamai kan zana hatimi. Jerin gidajen da ke tsaye suna da harufa, A, B, C, na kwance kuwa suna da lambobi, 1, 2, 3, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar B2 ko C7. A cikin gida kana iya rubuta kalma, ko adadi, ko kuwa umurni. In ka rubuta =B2*30 a wani gida, ka umurce shi ke nan ya riɓa abin da ke B2 sau talatin. Asirin abin duka a nan ya ke: in ka sake adadin da ke B2, duk gidajen da suka dogara gare shi sai su gyara kansu nan take, ba ka goge kome ba.

Wani ɗalibi a Jami'ar Harvard ta Amurka, Dan Bricklin, da abokinsa Bob Frankston, su suka fara fito da shi a 1979, suka sa masa suna VisiCalc. Daga baya Lotus 1-2-3 ya zo a 1983, Excel na kamfanin Microsoft a 1985, sa'an nan Google Sheets a 2006. Akwai kuma LibreOffice Calc wanda a ke samu kyauta. Yau yawancinsu suna aiki a wayar hannu.

Kada wani ya ce baƙon abu ne gare mu. Zana gidaje a zuba adadi a ciki tsohon ilmi ne a ƙasar Hausa, har Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kansa. Akawunan Baitulmali na zamanin En'e kuwa, tun daga na Katsina da aka fara buɗewa a zamanin Sarki Dikko, da irin wannan jadawali suka tsare haraji da jangali, da alƙalami da tawada. Kuma a tuna kuɗinsu ba su da sauƙin tarawa, gama kwabo 12 ke sule ɗaya, sule 20 ke fam ɗaya, sai a 1973 aka koma naira mai kwabo ɗari. In su sun iya da wannan wahala, mu da na'ura ke yi wa tarawa ba mu da hanzari.

LISSAFIN GIDA

Bari mu yi misali, adadin kuwa na misali ne, kowa ya sa nasa. A ce ga malami yana zaune a Minanata, albashinsa naira 90,000 a wata, watau ya ɗara mafi ƙanƙancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ya buɗe allo, a jerin A ya rubuta abubuwan da ya ke kashewa, a jerin B ya sa kuɗinsu. Hatsi 28,000. Cefane 700 kullum, kwana talatin, 21,000. Ruwan 'yan garuwa 300 kullum, 9,000. Kabu-kabu zuwa wurin aiki da dawowa 500, ranakun aiki 22, 11,000. Kuɗin tara na yara 200 a ranakun makaranta 22, 4,400. Katin waya 4,000. Zubin adashi 10,000. Allo ya tara ya ce 87,400, saura 2,600.

To, jama'a, ku dubi wannan saura da kyau. Ba a sa magani ba, ba a sa gudummawar biki ko suna ba, ba a sa ɗinkin Salla ba, ba a sa kuɗin wuta ba. Malamin ya san yana cikin matsi tun da daɗewa, amma bai taɓa ganin iyakar ramin da idonsa ba sai yau. Yanzu ya gwada abu ɗaya: ya mai da cefane 800 maimakon 700. Nan da nan jimla ta koma 90,400, saura ya zama bashin 400. Ƙarin naira ɗari tak a kwanon miya ya ƙetarar da gida daga rara zuwa bashi. Da yayyafi kogi kan cika, da shi kuma bashi kan taru. Duk wanda ya ga yadda farashi ya yi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya san irin wannan ƙari ba ya sallama kafin ya shigo.

Amfanin allon ke nan wanda littafin takarda ba shi da shi: kana iya tambayarsa. In na riƙa tafiya da ƙafa sau biyu a mako, nawa zai rage? In na sayi gero da kaka, lokacin da ya ke da araha, maimakon awo mudu-mudu da bazara, nawa zan tsira da shi? In ina son ragon layya, nawa zan riƙa ajiyewa daga Muharram? Kowace tambaya amsarta na fitowa kafin ka kashe ko kwabo, ba kuwa a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan bashi. Shafi guda ya isa: sunan mai bashi, ranar da aka karɓa, adadi, abin da aka biya, abin da ya saura. Masu karatu sun sani ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Zumunci nawa ya lalace a garin nan don ɗaya ya ce biyar ne, ɗaya ya ce bakwai ne? Uwar adashi ma, wadda ke riƙe da zubin mata ashirin a ka, wannan shafi zai hutar da ita daga rantsuwa.

LISSAFIN MAKARANTA

Malamin aji ya fi kowa sanin azabar ƙarshen zango. A ce aji yana da yara 60, darussa 9, kowane darasi da makin gwaji da na jarrabawa. Adadi 1,080 ke nan malami zai tara da hannu, a shekara mai zango uku 3,240. Bayan tarawa ya fitar da matsakaici, ya jera na ɗaya har na sittin. A kan yi wannan aiki da dare, cikin zafin Afrilu na Sakkwato, ido ya gaji. Kuskure ɗaya ya isa ya mai da yaro na uku ya koma na goma, uba ya yi masa faɗa a kan laifin da ba nasa ba, yaro kuwa ba shi da kotun da zai ɗaukaka ƙara. Da allon lissafi, sau ɗaya za a rubuta umurnin tarawa, a ja shi ƙasa ya bi yara sittin, a ce ya jera su, ya jera.

Amma ribar da ta fi wannan ita ce abin da malami zai gani in ya karanta allon ta tsaye. Karatun kwance yana nuna yaro, karatun tsaye yana nuna darasi. In yara arba'in cikin sittin sun faɗi a lissafin kashi, to, ba yaran za a tuhuma ba, koyarwar za a sake dubawa. In makin wata yarinya yana sauka zango bayan zango, kuma rajista ta nuna tana fashi duk ranar Jumma'a, lalle akwai magana a gidansu, watakila talla ce, ya kamata hedimasta ya nemi ubanta tun ba a cire ta ba. Makin da a ke tarawa don cika katin sakamako kawai an yi asararsa.

Ɗalibi kuma, ko na Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari ne, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko mai shirin jarrabawar JAMB, ya jera babin da zai karanta, ya sa ranar da ya gama kowane. In babi 40 ne, mako 10 ya rage, rabonsa huɗu a mako. In ya yi sanya mako biyu, allo zai gaya masa yanzu biyar ne, ba zai rufa masa asiri ba. Mai hadda ma yana iya jera izu sittin ya ga wanda ya daɗe bai yi tilawarsa ba. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, saboda haka yaron da ya saba da allon nan a gida ya rage tsoron na'ura ranar jarrabawa.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Na farko sun ce ƙididdiga rowa ce, tana kore albarka, namiji ba ya ƙidayar abin da ya kai gida. Wannan magana tana da tushe, gama kyauta da karamci su ne adon mutanenmu, ba na kuwa so a rasa su. Amma a duba wa ke iya kyauta. Wanda ya san abin da ya rage masa shi ke bayarwa da sakin fuska. Wanda bai sani ba yakan yi alheri ran biyar ga wata da kuɗin cefanen ran ashirin da biyar, iyalinsa su biya masa kyautarsa da yunwa. Zakka kanta, ɗaya cikin arba'in, ba ta fita sai da lissafi, rabon gado ma haka.

Na biyu sun ce ba wuta, ba kwamfuta. Lalle akwai gidajen da wannan ya shafa. Amma wayar da a ke kallon wasan ƙwallo da ita ta isa ta ɗauki lissafin shekara, kuma ana iya aiki da shi ba tare da intanet ba. Wanda ba shi da waya irin wannan ya sayi littafin rubutu ya ja layi da rula. Tsarin shi ne gaba, na'ura sauƙi ce kawai.

Na uku sun ce na'ura na kuskure. Wannan ita ce suka mafi nauyi, ina so a riƙe ta. Allo ba ya kuskuren tarawa, amma yana tara duk abin da aka ba shi, ko daidai ko ba daidai ba, kuma ya fito da shi tsaf har mutum ya ji kunyar shakka. A Ingila, a watan Oktoba na 2020, an gano sunayen mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona sun zube daga lissafin hukumar lafiya, don an yi amfani da tsohon samfurin Excel wanda layukansa suka cika, sauran suka faɗi ba wanda ya lura sai bayan kwanaki. In haka ta faru ga gwanaye, mu sai mu ƙara hattara. Dokar tsofaffin akawuna tana nan: a tara ta tsaye, a tara ta kwance, in ba su haɗu ba a koma baya. A ajiye rasit, a ajiye kwafi a wuri na biyu don waya takan faɗi ko a sace, a kuma sa mabuɗin sirri a kan makin 'ya'yan mutane.

Akwai suka ta huɗu wadda ba a faɗinta a fili, watau maigida ba ya son uwargida ta ga albashinsa. Ba zan shiga tsakanin miji da mata ba. Iyaka dai ita ce ta san kuɗin mudu da na manja yau, lissafin da aka yi ba da ita ba rabinsa zato ne. Macen da ta ga saura 2,600 da idonta ta fi wadda a ke ce wa "babu" kullum haƙuri.

SHAWARA

Ina roƙon kwalejojin horon malamai kada su bar wannan a darasin kwamfuta kaɗai, inda a ke haddace sunayen maɓallai don cin jarrabawa. Kowane ɗalibin da za shi gwajin koyarwa a sa shi ya kawo makin ajinsa a kan allo, ya kuma bayyana abin da makin ya nuna masa. Hedimastoci su sa malamin da ya iya ya koya wa sauran, sa'a ɗaya a mako har zango ya ƙare. Akawunan ƙananan hukumomi da suka ƙware su tuna yadda aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da wanda ya iya karatu kan tara maƙwabta da yamma ya koya musu. Zaure ɗaya a Minanata da waya uku sun isa a buɗe aji.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira kowa. Ran da aka yi biya na wannan wata, ja jeri uku: rana, abin da aka saya, kuɗi. Kada ka bar kome, har goro da sadaka. Wata na fari ba zai ƙara maka ko kwabo ba, sai dai ya nuna maka inda tulun ke yoyo. A wata na biyu ne za ka fara liƙewa. Allah ya sa albarka a cikin abin da mu ke samu, ya kuma raba mu da kunyar bashi, amin.