Yawon buɗe ido a Abuja: Ana nuna gine-gine, ana barin labarin a baya

Duk wanda ya taɓa yin baƙo a Abuja ya san zagayen da aka saba. A ɗauke shi a mota a bi ta Babban Masallacin Ƙasa, a nuna masa Majalisar Tarayya daga nesa, a tsaya a Millennium Park ya ɗauki hoto, da yamma a ƙarasa tafkin Jabi.

Kamfanonin da ke shirya wa baƙi zagaye da ɗan jagora ma kusan hanyar da suke bi ke nan, sai dai motarsu mai sanyi ce, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka. Baƙo zai koma gida da waya cike da hotuna, amma a tambaye shi daga ina sunan Abuja ya fito, sai ya yi shiru.

Nan gizo ke saƙar. Birnin bai rasa abin kallo ba, masu ba da labarinsa ne suka yi ƙaranci.

Sunan kansa aro ne. Bayan jihadi ya ci Zazzau, gidan sarautar Haɓe ya yi ƙaura zuwa kudu, inda Abu Ja ya kafa garinsa a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar kafa sabon babban birni a Fabrairun 1976, sai sabon wurin ya karɓi sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disambar 1991, zamanin Janar Babangida. Wannan labarin bai fi na minti biyar ba, amma da wuya baƙo ya ji shi.

Ɗan jagoran da ya san aikinsa, takardar naira 20 kaɗai ta ishe shi darasi, duk da yanzu da ƙyar take sayen alewa. A gabanta Murtala ne. A bayanta Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukwane, 'yar garin Kwali, wanda yau ɗaya ne daga ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, daga nan aikinta ya zaga duniya. Har yau mata na wannan sana'a a Ushafa, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Yara nawa a makarantun Abuja aka taɓa kai wa can?

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake tsallake Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro sunayen ƙauyuka ne kafin su zama unguwannin masu hannu da shuni. Mutanen Wuse an kwashe su zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja. Kalmar Aso, wadda fadar shugaban ƙasa ke amsawa, daga harshensu take, tana nufin nasara. Zagayen da ya nuna dutsen ya manta da mutanen ya koya wa baƙo cewa daji aka share aka yi birni.

Wasu za su ce matsalar tsaro ce, kuma suna da hujja. Ɗaga waya kusa da wasu gine-ginen gwamnati na iya jawo wa mutum tambayoyi, garkuwa da mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 kuma ta sa jama'a ɗari-ɗari da gefen gari. Amma majalisar dokokin Amurka ba ta fi ta Najeriya sakaci da tsaro ba, kuma tana zagayawa da baƙi kyauta tare da ɗan jagora. Tsari ne kawai: a yi rajista, a bincike mutum, a ba shi lokaci.

Alhazai ma shaida ne. Wanda ya je Uhudu tare da malamin da ya yi masa bayani da Hausa, ba ɗaya yake da wanda ya ga dutse kawai ya dawo mota ba.

Hukumomi kuwa sun fi son babban gini. Hasumiyar Millennium mai tsawon mita 170, wadda aka tsara haɗe da cibiyar al'adu, tun 2006 aka fara ta, shekaru suka yi ta wucewa ba a kammala ba. Kaɗan daga irin wannan kuɗin zai horar da matasan da suka karanta tarihi suke zaman kashe wando, a ba su lasisi, a fifita 'ya'yan ƙauyukan da abin ya shafa. A kafa alluna da Hausa da Gbagyi da Turanci a kowane wuri. A sa bas ranar Asabar daga Nyanya da Kubwa a kan kuɗin da mai albashi zai iya biya wa iyalinsa, ta bi ta tsakiyar gari, ta tsaya a Ushafa, ta ƙare a gindin Dutsen Zuma.