Fargabar kama-karya da wanda ya bar ƙwaya

Mutumin da ya bar shaye-shaye yana rayuwa ne a kan tsari. Ya san lokacin fitarsa kasuwa, ya san sahun da yake tsayawa a masallaci, ya san majalisar da yake zama da wadda ya ƙaurace wa. Wannan tsari shi ne katangarsa, kuma abu biyu suka fi saurin rushe ta: zaman kashe wando da zullumi. Mulkin danniya yakan kawo su tare.

Mazauna Yerimaram, kamar sauran unguwannin Potiskum, sun ɗanɗana wannan. A watan Mayun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ayyana dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya, shingayen bincike suka cika hanya. Akwai hujja a lokacin, domin garin da aka kai wa kasuwar shanunsa hari a 2012, aka kuma kashe masa ɗalibai masu yawa a makarantar sakandaren kimiyya a Nuwamban 2014, ba zai ce ba ya bukatar tsaro ba. Sai dai yaran wancan lokaci su ne samarin yau, kuma abin da suka gani bai bar zukatansu ba. Da aka sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Potiskum da Gashuwa da Nguru a farkon Agustan 2024, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa ƙone-ƙone, tsohon miki aka fama. Watanni uku bayan nan aka ga ƙananan yara suna zubewa a wata kotun Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. A Maris 2025 aka dakatar da zaɓaɓɓen gwamnan Ribas na wata shida. A Nijar kuwa, wadda Yobe ke iyaka da ita, sojoji ke mulki tun Yulin 2023.

Irin waɗannan labarai suna shigowa ta waya har kan katifa. Mai lafiya yakan yi tsaki ya juya ya yi barci. Wanda ya taɓa sabawa da tiramol ko kodin ko wiwi, idan barci ya ƙaurace masa zuciya ta shiga bugawa, jikinsa yana tuna masa hanya mafi kusa ta samun sauƙi. Daga nan ake komawa 'yar gidan jiya, sau da yawa bayan an yi watanni ana daurewa. Masu wannan hali ba kaɗan ba ne: binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Wasu ma a bangar siyasa suka fara, abin da masu wa'azin tarbiyya a kan dandamali ba su cika ambata ba.

Abin takaicin shi ne maganin da al'umma ta fi sani kama-karya ne shi ma. Kame, bulala, mari. Gidan da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu don a shiryar da su. Haramta maganin tari mai kodin da aka yi a 2018 ya taɓa mai sayarwa, amma bai tambayi mai sha abin da ke hana shi barci ba. Wanda tsoro ya tura ga ƙwaya, ƙarin tsoro ba ya raba shi da ita.

Taimakon da ke aiki ya fi wannan sanyi. Akwai na asibiti: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri yana kula da masu wannan lalura, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA tana da sashen ba da shawara, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958 mai kallon majinyaci kamar fursuna. Amma Maiduguri tafiyar sama da kilomita 200 ce daga Potiskum, sha'awar ƙwaya kuwa da tsakar dare take tashi.

Saboda haka nauyin yana komawa unguwa. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, ta ginu ne a kan mutum biyu da suka bar giya suna riƙe juna. Bahaushe yana da wurin da hakan zai zauna, wato majalisa. Abin da ake bukata a cikinta shi ne wanda ya riga ya bi hanyar, wanda za a buga wa waya ƙarfe biyu na dare ya ɗauka, kuma ba zai kai maganar teburin mai shayi ba. Sai liman mai sauraro kafin ya yi nasiha, da maigida a kasuwar hatsi ko ta shanu da zai ba yaro aiki ko da ya san tarihinsa. Ranar da aka hana fita kuma, ya zama akwai ɗan'uwa a gidan da ya san cewa wunin nan mai haɗari ne, ya karɓi wayar ya ajiye, ya zauna da shi har a buɗe gari.