Matsayi a wasan salula ba hajar saye ba ne

Iyayenmu mata na kasuwa da alhazanmu masu shaguna, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, akwai wata sabuwar ƙofa da kuɗi ke zurarewa ta cikinta a gidajenmu. Yaro ya zo da marairaicewa ya ce a taimaka masa da jika ɗaya ko biyu zai "hau mataki" a wasan da yake yi cikin salula. Uwa ta kwance bakin zane ta ba shi don a zauna lafiya, bayan sati biyu ya sake dawowa. Ra'ayin wannan jarida shi ne a daina bayarwa, domin abin da yaron ke nema ba a sayar da shi. Amma kafin a hana, ya kamata a san yadda abin yake, don kada yaro ya ce tsofaffi ba su gane ba.

Wasannin da suka fi shiga hannun ɗiyanmu su ne Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, da PUBG Mobile da ya fito a 2018. A na farko mutum 50 ake zubawa cikin tsibiri guda, a na biyu mutum 100, yawanci ƙungiya-ƙungiya ta mutum huɗu. Fili yana ta ƙanƙancewa, ana ta fafatawa, ƙungiyar da ta rage a ƙarshe ita ce ta ci. Kowane ɗan wasa yana da maki, kuma makin ne ke ajiye shi a mataki: tagulla, azurfa, zinariya, falatin, lu'ulu'u, sannan manyan matakai na sama. A PUBG Mobile matakin ƙoli mutum 500 kacal yake ɗauka a kowane yanki na duniya, cikin miliyoyin masu bugawa.

Wannan awo ba yau aka fara shi ba. Wani malamin kimiyya a Amurka, Arpad Elo, shi ya tsara hanyar auna gwanintar masu darar Turawa, hukumar darar ta duniya ta karɓe ta a 1970. A lissafinsa, wanda ya fi ka da maki 200 zai ci ka kamar sau uku cikin huɗu, wanda ya fi ka da 400 kuwa sau goma cikin goma sha ɗaya. Wasannin yau sun ɗauki tunanin suka yi masa kwaskwarima. Manufar ita ce a haɗa kowa da tsaransa, kamar yadda ba a ɗauko ɗan kokowar dandalin ƙauye a tsayar da shi gaban mai riƙe da takobin ƙasa.

To me ya raba na ƙasa da na sama? A nan ne ɗan kasuwa zai ga abin da ya sani.

Ɗan matakin tagulla da azurfa kwaɗayi ke kashe shi. Yana sauka inda kowa ya taru, yana tsayawa kwasar kaya har fili ya rufe da shi, yana harbin duk abin da ya motsa, ta haka ya tona wa kansa da abokansa asiri. Yana gudu shi kaɗai, in abokinsa ya faɗi bai waiwaya ba. Sau da yawa ma waɗanda yake kayarwa a farkon shigarsa ba mutane ba ne, na'ura ce ke sa masa ƴan tsana masu sauƙi don ya ji daɗi ya ci gaba. Wannan shi ne sabon shiga kasuwa da ya ga ciniki ranar farko ya ɗauka kullum haka take.

Ɗan matakin tsakiya, zinariya zuwa lu'ulu'u, ya iya saiti, hannunsa ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne sanin lokacin da ake ja da baya. Kowane faɗa sai ya shiga, in an ci su laifin abokai ne ko na rezo. A nan ne yara da yawa ke maƙalewa wata da watanni, kuma a nan ne roƙon kuɗi yake tsananta.

Na sama kuwa, kunnensa na aiki kafin yatsansa. Yana jin takun abokin gaba ya san ta inda zai ɓullo. Yana duba taswira ya yi hasashen inda fili zai koma, ya riga kowa kama tudu ko gida mai kyau. Ƙungiyarsa ta raba aiki: wannan ya shiga gaba, wannan ya tsare baya, wannan ya hango daga nesa, ɗaya ya ba da umarni da kalma biyu ko uku, ba hayaniya ba zagi. Suna raba harsashi da magani, suna barin faɗan da ba riba. In an ci su, su koma su kalli hoton wasan su nemo inda suka yi kuskure. Duk mai sayen gero da kaka ya ajiye sai bazara, duk mai sanin wanda za ta ba bashi da wanda za ta hana, ta san wannan hali. Haƙuri ne da lura da riƙon amanar abokin tafiya, kuma babu shagon da ake auna su da tiya.

Kuɗin da yaro ke karɓa ina suke zuwa? Yawanci ga tufafi da kwalliyar bindiga. A PUBG Mobile ado ne kawai. A Free Fire wasu kwalliyar kan ƙara wa makami ɗan ƙarfi, amma ba su koya wa mutum karanta taswira, ba su hana shi kwaɗayi. Wasu yaran kuma biyan wani gwani suke yi ya buga da sunansu ya hau da su sama. Zanen aro ba ya rufe katara: ranar da mai suna ya karɓi salularsa, zai tarar da waɗanda suka fi ƙarfinsa, ya jawo wa abokai uku faɗuwa, ya gangaro inda ya fito. Ga kuma haɗarin ba baƙo lambar sirri, domin da yawa ta nan ake sace musu asusun wasan ɗungum. Kamfanonin sun hana wannan ciniki, suna rufe asusun wanda suka kama. A Koriya ta Kudu, tun 2019 mai sana'ar hawar da wani yana iya shan ɗaurin shekara 2 ko tarar won miliyan 20. Bayan duk wannan, kusan kowane wata biyu kamfani na sauke kowa ƙasa a sake sabon zango. Wace ƴar kasuwa ce za ta sayi hajar da mai ita zai dawo ya ƙwace bayan wata biyu?

Akwai yaran da ke cewa sana'a za su yi da shi. Gaskiya ne akwai masu ci da wasan. A gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021, dalar Amurka miliyan 2 aka raba, ƙungiyar Phoenix Force ta ƙasar Tailan ta ɗauki kofi, mutane fiye da miliyan 5 suka kalla a lokaci guda. Sai dai waɗannan ƴan tsiraru ne da aka tace daga cikin na ƙoli, suna da masu horarwa, da manyan wayoyi, da intanet da ba ya yankewa. Yaron da ke bugawa da ƙaramar salula, ga rezo na rawa, ga wuta na ɗaukewa, yana shiga fili da nauyi a ka. Ya yi wasansa don nishaɗi, wannan ba laifi, amma kada ya jingina gobensa a kai ya saki lakkol ko shago.

Ba mu ce a fasa salula ko a kori yaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma ta ce kaɗan ne cikin masu wasa abin ke kai wa haka, alamarsa kuwa ita ce wasa ya rinjayi barci da karatu da aiki, mutum ya kasa bari ko da yana ganin ɓarna. Ƙasar Sin a 2021 ta ƙayyade wa ƴan ƙasa da shekara 18 awa uku a mako. Mu ba mu da irin wannan doka, don haka dokar tana hannun uwa da uba.

Shawararmu uku ce. A yanka wa wasa lokaci, bayan karatu da aikin gida. Kada a bar wa yaro lambar sirrin asusun kuɗin salula, kuma kada a ba da ko dala da sunan hawa mataki. Sannan a zauna a tambaye shi: wane mataki kake, me ya kayar da ku jiya, me za ka gyara? Yaron da ya iya amsa wannan ba tare da ɗora wa wani laifi ba, ya koyi abin da zai amfane shi ranar da aka bar masa shago. Wanda ya ce sai an ƙara masa jika biyu, a nuna masa buhun da za a sauke, ya nemi nasa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa.