Wa Ya Ɗauki Nauyin Yunwa?

Duk sa'ad da talakawa suka fito kan titi a babban birni, amsar masu mulki ba ta wuce guda: wai wasu ne suka ɗauki nauyinsu. To, mu da ke zaune a Wushishi, inda ake noma shinkafa amma mudunta ya gagari mai gida, muna da tambaya: wa ya ɗauki nauyin yunwa?

Ruwa dai ba ya tsami banza. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Kafin wata biyu, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 600, kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi sahu. Da tura ta kai bango, ranar 5 ga Fabrairu, 2024, mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu, suna kukan tsadar rayuwa. Me aka saka musu da shi? Barkonon tsohuwa da kamu. Shin uwar da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, sai wani ɗan siyasa ya sanar da ita cewa 'ya'yanta na jin yunwa?

Da yake an toshe kunne, sai abin ya game ƙasa ranar 1 ga Agusta, 2024. An harba barkonon tsohuwa a Abuja, an zubar da jini a Suleja. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida, har da Neja. Abin kunya bai tsaya nan ba. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi Allah wadai sannan aka sake su. Alhali kuwa sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗanda suka cinna wuta a sakatariyar ƙaramar hukumar Tafa, da waɗanda suka wawashe cibiyar fasahar sadarwa ta NCC a Kano, ba su rage ko sisi a farashin masara ba. Dukiyar talaka suka ɓarnata, kuma da harajinsa za a gyara. Bugu da ƙari, sun miƙa wa hukuma hujjar da take nema ta kafa dokar hana fita, ta kuma yi wa masu gaskiya da ɓarayi kuɗin goro.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamai, tarihi ya ishe mu wa'azi. A zanga-zangar adawa da shirin SAP ta 1989, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ɗalibai ne suka ja gaba. Aka rasa rayuka, aka rufe jami'o'i. Tilas mu koyi fita da shugabanni sanannu, da buƙatu a rubuce, da masu tsare sahu don korar ɓata-gari. Su kuma masu mulki su sani cewa harsashi ba ya cika tumbi. Duk ɗan sandan da ya harbi wanda bai riƙe makami ba, a kai shi gaban shari'a, a biya diyyar mamatan.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro.